Kujerun Aro a Gidan Baffa

Shekarar da gwamnati ta ce za ta rubuta sunayen talakawa don ta riƙa ba su tallafin abinci, ni aka ɗora wa aikin yi wa masu rubutun jagora a unguwarmu ta bayan tashar jirgi, a Ƙaura Namoda. Dalilin kawai shi ne ina koyarwa a firamare, an ce na san kowa da gidan kowa. Na karɓa da murna, har da sa sabuwar hula, domin akwai gida ɗaya da nake so a rubuta ko da ba a rubuta kowa ba, wato gidan Baffa, yayan mahaifina.

Baffa manomi ne daga wani ƙauye gabas da Zurmi. A hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifina, kuma ban taɓa ganin rumbunansa uku sun yi ƙasa a lokaci ɗaya ba. Idan damina ta yi tsakiya hatsi ya ƙare wa mutane, ba ya jira a zo a roƙe shi. Sai ya aiki Inna, matarsa, da ƙwarya a rufe da faifai, ta shiga gidan kamar ta zo gaisuwa, ta ajiye a bayan ƙofa ta fito. Washegari in ya haɗu da maigidan a masallaci, hirar ruwan sama za su yi. Haka aka saba a can. Wanda ya bayar ba ya faɗa, wanda aka ba kuma ba a sa shi ya buɗe baki.

Sai 'yan bindiga suka tashi ƙauyen. Suka ƙone rumbunan, suka kore shanun, babban ɗansa ya rasu a wannan harin. Baffa ya iso Ƙaura da Inna da jikoki huɗu, wani bawan Allah ya ba su aron ɗaki biyu a gidansa da bai ƙarasa ginawa ba. Ni nake kai musu 'yar masara in wata ya ƙare, to amma albashin malamin firamare kowa ya san tsawonsa, kuma ba kullum yake zuwa a kan lokaci ba. Da aka fara ganin hadari a gabas, Baffa ya fara zancen komawa ya yi shuka. Kowa ya san abin da gona take nufi a yankinmu a lokacin: mutum ya duƙa yana noma, ya ɗago ya ga babura sun kewaye shi. Na roƙe shi ya jira. Na ce masa in sunansa ya shiga takardar gwamnati za a riƙa ba su abinci, ba sai ya koma ba. Ya ce to, zai jira.

Kafin masu rubutun su iso, zancen ya riga ya cika gari. A teburin mai shayi na bakin tasha, inda muke zama da hantsi ranar da babu makaranta, kowa ya zama masanin yadda ake tafiyar da ƙasa. Akwai wani Alhaji mai shagon siminti, wanda in zai yi magana sai ya ajiye kofi ya gyara zama tukuna.

"Wanga abu shi ka lalata mutane," in ji shi. "Ka ba mutum shinkahwa kyauta, gobe ba shi zuwa gona. Mu wa yab ba mu? Da guminmu munka tashi."

Wannan Alhajin, duk shekara motar takin gwamnati mai rangwame a ƙofar sitonsa take sauke rabin kayanta, kuma tun da na san shi ban taɓa ganin ƙasa a farcensa ba. In shi aka ba, sunan abin bunƙasa noma. In talaka aka ba, sunansa koya wa mutane lalaci. Duk teburin nan an san wannan, amma ba wanda ya tanka, domin rabinmu muna fatan ranar da za mu je shagonsa neman alfarma.

Wani direba mai jigila tsakanin Ƙaura da Shinkafi ne ya buga tebur.

"Haƙƙinmu na, Alhaji! Mu munka tsaya cikin rana munka jefa ƙuri'a. Ba alhwarma ba ta."

Har na fara gyaɗa kai, sai ya ƙara da cewa, "Amma a hwara da 'yan gari. Waɗanga da sunka gudo, su koma can garuruwansu a rubuta su. Hulani kuma suna da shanu, mi za a ba su?"

Garuruwan da yake faɗa wasunsu sai toka, kuma Fulanin da ke zaune a bayan gari an kore musu shanun kamar yadda aka kore na Baffa. Shi haƙƙi a wajen direban nan, iyakarsa ƙofar gidansa. Wanda ya fi ba ni haushi kuma wani dattijo ne mai sayar da goro, da ya ce ko mudu ɗaya aka ba mu sai mu yi wa shugabanni addu'a, tunda ba dole ba ne su ba mu. Dukiyar jama'a ce, aka sayo hatsi da ita, aka buga hoton mutum ɗaya a jikin buhu, mu kuma mu durƙusa muna godiya kamar daga gonar ubansa ya girbo. Na faɗi haka a teburin, aka ce malamin makaranta ya fara surutun boko.

Ana gobe za a zo unguwarmu, na je wajen Baffa da la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, gobe akwai baƙi daga gwamnati. Za su shigo su ga yadda kuke zaune, su yi 'yan tambayoyi."

"Baƙi?" ya ce. "To, Allah shi kawo su lahiya."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ya za a yi in dubi mutumin da ya goya ni, ya sa ni makaranta, in ce masa gobe ka baje talaucinka a tsakar gida a gani? Na ɗauka ya gane. Na koma gida ina yaba wa kaina cewa na isar da saƙo cikin ladabi.

Masu rubutun su biyu ne, saurayi da budurwa, an turo su daga Gusau. Kowannensu da wata waya mai faɗi a hannu, a cikinta suke karanta tambaya, su danna amsa, su ɗauki hoton gida. Suka bayyana mini cewa ba su ke zaɓa ba, na'ura ce a can sama take duba amsoshin ta fitar da wanda ya fi buƙata, don kada a yi son kai. Na ji daɗin wannan magana a lokacin.

Gidan farko da muka shiga na surukin kansila ne. Na san gidan sarai, ɗansa yana ajina. Babur ɗin da yake jingine a zaure kullum babu shi, fankar falo da talabijin sun yi ƙaura zuwa maƙwabta tun jiya. Maigidan ya fito da singileti a yage, matarsa tana share ido da gefen mayafi, tana cewa rabonsu da tuwo kwana uku. Ashe yaran kansila sun bi gidajen nasu sun raɗa musu yadda ake yi. Gida bayan gida haka muka yi ta gani, mutanen da na san suna da rufin asiri sun zama abin tausayi a dare ɗaya, masu rubutu suna ta dannawa.

Wajen azahar muka isa gidan Baffa. Tun daga ƙofa na ga gidan ya canza. An share tsakar gidan tas, an yayyafa ruwa. Ga kujerun roba huɗu farare an jera a inuwa, ga kafet a shimfiɗe, duk na san na maƙwabcinsu tela ne. Baffa yana tsaye cikin babbar rigarsa ta Idi, ita kaɗai ya tsira da ita daga ƙauye, Inna ta wanke ta an kai wa mai guga. Jikokin an yi musu wanka an shafa musu mai. A gindin bishiya ga awaki guda uku na mutumin da ya ba su aron gidan, da yake ɗaure su a nan saboda akwai fili. Ba mu gama gaisawa ba Inna ta fito da fura da nono a cikin kwanon aro mai murfi, ta koma ta fito da farfesun kaza. Kaza ɗaya gare ta, wadda ƙwanta ne ɗan abin da yaran ke samu.

Saurayin ya sha furar nan ya yi santi, ya ce rabonsa da irinta tun yana yaro. Sannan ya goge hannu ya ɗauki wayarsa.

"Baba, jiya sau nawa aka ci abinci a gidan nan?"

"Alhamdu lillahi," in ji Baffa. "Mun ci, mun sha."

"Sau uku ke nan?"

"Mun gode Allah, ɗana."

Ya danna. Ni kuwa na san jiya kwaɗon tafasa suka ci da rana, da dare yaran suka sha kunu tsararo, manya suka ce sun ƙoshi.

"A cikin watan nan, akwai ranar da wani ya kwana da yunwa?"

Baffa ya gyara rigarsa a kafaɗa. "Allah shi kiyaye! Gidan ga ba a kwana da yunwa."

"Awakin can naku ne?"

"Na gida na."

A wajensa gaskiya ya faɗa, domin abin maƙwabci na gida ne, kuma ba zai tsaya gaban baƙo yana rarrabe wannan nawa ne, wancan ba nawa ba ne. Budurwar ta ɗaga waya ta ɗauki hoton kujerun da kafet da awakin, da Baffa a tsakiyarsu cikin babbar riga kamar hakimi.

Ina tsaye a wurin, bakina a rufe. Sau biyu na buɗe shi zan ce wani abu, sai in dubi fuskar Baffa, yadda take haske yau ya samu baƙin da zai karrama bayan wata da watanni, sai in haɗiye. A gidanmu ɗa ba ya gyara wa uba magana gaban baƙi. Wannan tarbiyyar da shi ya ba ni, ita ta ɗaure mini harshe a ranar da ya fi buƙatar in yi masa rashin kunya. Har yau in na tuna, kaina nake fara zagi kafin in zagi kowa.

Da muka fito, budurwar ta ɗan ja baya ta ce da ni a hankali, "Malam, anya tsohon nan? Na ga ƙafafun yaran."

Na ce mata duk abin da ta gani na aro ne, kazar da suka ci kuma ita ce ta ƙarshe. Ta dafe ƙirji. Ta duba wayarta ta ce an riga an tura, ba a buɗe abin da aka tura. Ban ga laifinta ba. Laifin na wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya tsara tambayoyin ne, wanda bai san akwai mutanen da in ka tambaye su ko suna jin yunwa, tamkar ka tambaye su ko sun yi sata ne. An gina abu don a taimaki mai buƙata, aka gina shi yadda sai wanda ya iya kuka zai wuce.

Bayan 'yan makonni aka liƙa sunaye a bangon sakatariya. Na bi da yatsa daga sama har ƙasa sau uku. Surukin kansila yana nan. Ƙannen matan Alhaji mai siminti har biyu suna nan, shi da ya ce abin yana lalata mutane. Babu Baffa. A wannan makon ne kuma aka yi ruwan farko mai ƙarfi.

Da ƙorafi ya yi yawa, aka sanar cewa za a zauna a filin makarantarmu, duk wanda aka tsallake ya zo da kansa ya faɗi halin da yake ciki gaban kwamiti. Wannan karon ban yi ladabi ba. Na je na zauna gaban Baffa na warware masa komai: dalilin zuwan baƙin, abin da kujerun suka jawo, da abin da sauran gidaje suka yi. Ya saurare ni har na gama.

"Ashe ba gaisuwa sunka zo ba," ya ce. "Tsiraicina sunka zo gani. Kai kuma kana tsaye, ba ka hwaɗa min ba."

Na ce masa yanzu hanya ɗaya ta rage, ya je ya faɗa da bakinsa.

"Gaban mutane?"

"Gaban mutane, Baffa."

Ya juyar da kai. Inna ce, wadda ban taɓa jin ta sa baki a maganarsa ba, ta ce masa daga bakin ƙofa, "Malam, ka tahi don ɗiyan ga. Ni ban son ka koma dajin can."

Ya je. Ranar ta yi zafi, filin ya cika maƙil. An kafa tebur a ƙarƙashin darbejiya, kansila a tsakiya, wani matashi yana riƙe da waya yana ɗaukar bidiyon duk wanda ya zo, wai shaida ce za a tura sama. A cikin masu jira akwai mutanen ƙauyen su Baffa da yawa, har da magidantan da na san Inna ta sha kai ƙwarya gidajensu. Da suka gan shi suka fara matsawa suna ba shi hanya, suna zaton ya zo yi wa wani magana ne.

Ya tsaya gaban teburin da tsohuwar taguwarsa. Kansila, wanda bai girmi babban ɗan Baffa marigayi ba, ya ce, "To Baba, mi at tahe da kai?"

Baffa ya yi magana, ko ni da ke kusa da shi ban ji ba.

"Ɗaga murya, Baba, waya ba ta ɗauka ba."

Sannan ya ce, da muryar da yake kiran shanu da ita a da, "Ban da komi. Iyalina na kwana da yunwa."

Mai wayar ya ce rana ta haske fuskar, a juya a sake. Baffa ya juya ya sake faɗa. Mutanen ƙauyensu duk suka sunkuyar da kai, wani dattijo a cikinsu ya fita daga layin ya tafi abinsa, bai dawo ba. Kansila ya rubuta wani abu a takarda ya ce za a duba, a saurari kira. Da za mu fita har ya ɗaga murya ya ce kada Baba ya manta da waɗanda suka share masa hawaye in lokaci ya yi. Da ba don Baffa ya riƙe mini hannu ba, da ranar na rasa aikina.

Tun daga ranar ya daina zama a ƙofar masallaci bayan salla. Yana idarwa zai shige gida. Mako ɗaya ya wuce, biyu, uku, babu kira. Na yi ta sintiri sakatariya har masinja ya san takuna, kullum amsa ɗaya, ana jiran sama. Ruwa kuwa ya zauna, masu gonaki a kusa da gari ta wajen Banga da Sakajiki gero har ya fara rufe ƙasa.

Wata safiya ya aiko a kira ni. Na tarar da shi da fartanya a kafaɗa, da irin gero a ƙulle cikin tsumma.

"Na yi abin da kac ce," ya ce. "Na tsaya, na hwaɗa, sun ji. Shuka na wucewa. In ban tahi yanzu ba, bana da baɗi duk roƙo na."

Na so in ce ya ƙara haƙuri, amma da wane baki? Abin da nake da shi na ba shi, alkawarin gwamnati ne, ya kuma biya shi da abin da ya fi rumbunansa tsada a wajensa. Na ɗauki ƙunshin kayansa na raka shi tasha, ya shiga motar Zurmi. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in kula da karatun yaran.

Ya yi shuka, ta fito da kyau, ya aiko mana da saƙo haka ta bakin wani direba. Lokacin noma na biyu 'yan bindiga suka ɗauke su a gona, su huɗu har da shi. Bayan wata biyu, mutum uku suka dawo, babu shi. Suka ce tafiyar daji ce ta fi ƙarfin ƙafafunsa, a kwana na shida ya zauna ya kasa tashi, su kuma aka kora su gaba.

Tallafin ya iso bayan Inna ta fita takaba, daidai lokacin da hotunan 'yan takara suka fara rufe bangon gari. Saƙo ya shigo wayata cewa sunan Baffa ya fito a cikin waɗanda aka ƙara. Na ce wa Inna ta zauna ni in je, ta ce a'a, ta ɗauki mayafinta.

An kafa rumfuna a fili, an tara buhuna kamar gini, kowanne da hoton mutum yana murmushi. Alhaji mai siminti yana cikin manyan baƙi a kujerar gaba. Maroƙa suna ta kirari, mata suna guɗa, ana ta yi wa masu bayarwa addu'a. Na je teburin magatakarda na nuna masa katin shaidar Baffa, na ce mai sunan ya rasu, ga matarsa, ga marayu huɗu a gida. Ya ce ya tausaya, amma na'ura yatsan mai suna take karɓa, ba ta karɓar na wani. Na ɗaga murya, wani ɗan sanda ya matso ya ce in ba mutane wuri.

Na koma wajen Inna na ce mu tafi gida. Ba ta ko dube ni ba. Ta shiga layin mata ta tsaya, rana tana dukanta, har aka zo kan harafinsu. Mai lasifika ya kira sunan Baffa da na mahaifinsa, filin duka ya ɗauka. Shiru. Ya sake kira. A karo na uku ya ƙara da cewa in mutum ba ya so akwai masu so.

Inna ta ɗago kai ta ce, da muryar da take amsa sallamar baƙo, "Ba shi nan. Ya tahi gona."

Magatakardan ya ja layi a kan sunan, ya kira na gaba.